“Riƙe Kati Ɗaya a Ranka”: Nazarin Dabon da Ake Ɗauka Karatun Zuciya Ne

Masu dabon karta sun daɗe da raba sana'arsu gida biyu. A gida na farko, ɗan dabo zai baza maka katuna ya ce ka zari ɗaya, ka duba, ka mayar; ya cuɗa su, sannan ya zaƙulo maka naka. Ko ɗan kallo bai gano yadda aka yi ba, yana da inda zai rataya zarginsa: ko hannun mutumin ya fi ido sauri, ko ya yi wa katin alama, ko ya saci kallo. A gida na biyu kuwa babu abin da za ka taɓa. Cewa zai yi, “Malam, kada ka zara, kada ka nuna, kada ka gaya wa kowa. Ka dai riƙe kati ɗaya a ranka.” Jim kaɗan ya ajiye kati guda a kife, ya ce ka faɗi naka, ya buɗe, sai ga shi.

Wannan na biyun shi ke sa mutane su saki baki. Kowa ya yarda ana iya rufe masa ido, amma da wuya ka sami wanda ya yarda ana iya shiga tsakaninsa da abin da ya ƙudurta a ransa. A kan wannan yarda da kai aka gina dabon baki ɗaya. Ɗan dabo ba ya karanta zuciyar kowa. Ko dai kai ka ba shi amsar ba ka ankara ba, ko shi ya cusa maka ita, ko kuma ya yi tanadin duk abin da za ka iya faɗa. Ainihin gwanintarsa ita ce ya sa ka tashi kana rantsuwa cewa ko ɗaya daga cikin ukun nan bai faru ba.

Inda aka faro

Karta ta shiga Turai ne daga Masar ta zamanin sarakunan Mamluk, wajen shekarun 1370, kuma har yau akwai ragowar irin waccan kartar a gidan tarihi na Topkapi da ke Santambul. Kwalin da aka fi sani yanzu katuna 52 ne, gida huɗu: jajaye biyu, wato zuciya da daimon, da baƙaƙe biyu, mai kan mashi da mai ganye uku. Kowane gida yana da ɗaya zuwa goma, sai masu hoto uku, ciki har da sarki da sarauniya.

Ba a jima ba 'yan dabo suka yi tarayya da 'yan caca a kanta. A 1584 wani mutumin Ingila, Reginald Scot, ya fitar da littafi mai suna The Discoverie of Witchcraft don kare talakawa, musamman tsofaffin mata, da ake yi wa ƙazafin maita ana kashewa. Cikin hujjojinsa har da tona yadda 'yan rufa-ido ke yin abubuwan da jama'a ke jingina wa shaiɗanu. A ciki ya kawo yadda ake gane katin da mutum ya riƙe a rai: a jera katuna uku nesa da juna, a lura da inda idonsa ya tsaya. A 1612 kuma Claude-Gaspard Bachet ya buga littafin wasannin lissafi a birnin Lyon na Faransa, mai ɗauke da dabarun gano lamba ko katin da mutum ya ayyana a zuci. Ke nan tun daga rubuce-rubucen farko, dabon nan jijiya biyu gare shi: lura da ɗan Adam, da lissafi.

Amsar da yatsa ya bayar

A hanya ta farko, wadda kai ke ba da amsar, dabon da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na katuna 21, wanda 'yan makaranta ke koya wa juna. Ba ya bukatar saurin hannu, kuma ko da katunan Whot da matasa ke bugawa a Nijeriya ana iya yin sa, muddin babu biyu iri ɗaya. Ɗan dabo zai raba katunan a buɗe, ɗaya bayan ɗaya, hagu, tsakiya, dama, har su zama layi uku, bakwai-bakwai. Ka riƙe ɗaya a rai, ka nuna layin da yake ciki kawai. Sai ya tattara, ya sa layinka tsakanin sauran biyun, ya sake rabawa. Sau uku ake yi. Bayan na ukun, katinka shi ne na 11, ko ta sama aka ƙirga ko ta ƙasa.

Abin kamar tankaɗe ne, kowane zagaye rariyarsa ta fi ta baya ƙananan ido. Da ka nuna layi karon farko, katuna 14 sun fita, saura bakwai, kuma bayan tattarawa suna zaune daga na 8 zuwa na 14. Da aka sake rabawa, bakwai ɗin nan sun watsu cikin layukan: biyu a hagu, uku a tsakiya, biyu a dama. Nuni na biyu ya rage su zuwa uku ko biyu, suna zaune tsakanin na 10 da na 12. Rabo na uku ya jefa kowannensu layi daban, kowanne kuma shi ne na huɗu a layinsa. Saboda haka nuni na uku faɗin katin ne ƙarara, sai dai yatsa ne ya faɗa, baki na rufe. Bakwai na sama a haɗa da huɗu, 11 ke nan.

Tambaya uku, kowace da amsa uku, sun isa su bambance abu 27. Masanin lissafin nan na Faransa, Joseph Gergonne, ya yi nazarin wannan a 1813, ya nuna cewa da katuna 27, idan ɗan dabo yana sauya inda yake ajiye layin da aka nuna, wani zubin sama, wani zubin tsakiya ko ƙasa, zai iya kai katin duk matsayin da ya ga dama. Ɗan kallo ma zai iya faɗin lambar da yake so katin ya fito a kai. Martin Gardner ya yi wa masu karatu na zamani bayanin wannan a littafinsa Mathematics, Magic and Mystery na 1956.

Dabon 21 ba ya taɓa kuskure, amma gwanaye sun raina shi. Rabawa da tattarawa sun yi yawa, kuma ko wanda bai iya lissafi ba yana jin a jikinsa cewa lissafi ake yi. Nan ne babbar matsalar fannin ta fito fili: gwargwadon tabbacin hanya, gwargwadon yadda sawunta ke bayyana, gwargwadon tsabtar wasa a ido, gwargwadon kasadar da ke cikinsa. Duk wani ci gaba da aka samu a fannin, ƙoƙari ne na haɗa tabbas da tsabta a wasa ɗaya. Dai Vernon, haifaffen Kanada da 'yan dabo ke kira Farfesa, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1992, ya yi wani shahararren wasa mai suna Out of Sight, Out of Mind, inda ya ɓoye irin wannan tacewar cikin cuɗa karta yana kau da kai, har tambayoyin suka daina kama da tambaya.

Zaɓin da aka dasa

Hanya ta biyu ita ce a sa ka zaɓi abin da aka riga aka shirya. Sau da yawa ma ba sai an sha wahala ba, domin mutane ba sa zaɓe a warwatse kamar yadda suke zato. A 2012 wasu masu bincike uku a Kanada, Jay Olson da Alym Amlani da Ronald Rensink, sun wallafa sakamakon tambayar da suka yi wa mutane su ambaci kati duk wanda suka ga dama. Fiye da rabi sun taru a kan katuna huɗu kacal: ɗayan mashi ya kwashe kusan kashi 25 cikin 100, sarauniyar zuciya 14, ɗayan zuciya 6, sarkin zuciya 6. Da a ce zaɓen a warwatse yake, kowane kati ba zai kai kashi 2 ba. Wanda ya sa ɗayan mashi a aljihu ya fita, zai iya cin mutum ɗaya cikin huɗu ba tare da ya iya komai ba. Sai dai wannan al'ada ce ta waɗanda suka tashi da irin wannan karta, shi ya sa ɗan dabo ke fara karantar jama'arsa kafin ya dogara da ita.

Vernon yana da wani wasa na katuna biyar da ake jerawa a buɗe: sarkin zuciya, bakwan ganye, ɗayan daimon, huɗun zuciya, da taran daimon. Ɗan dabo zai ja kunnen ɗan kallo cewa kada ya bari a juya shi. Zai nuna masa cewa ɗayan yana tsakiya, ya cika fitowa fili, bakwan kuma shi kaɗai ne baƙi. Mutum mai son nuna wayo sai ya guje wa waɗannan, ya guje wa sarki tunda shi kaɗai ne mai hoto, ya faɗa kan huɗun zuciya, wanda dama shi ake jira. Tsoron a yaudare shi ne ya kai shi inda ake so. Wasan kasada ne, yana ci yana faɗuwa, amma ya nuna cewa mai taka-tsantsan ma yana da hanyar da ake tare shi.

Akwai kuma wadda ake yi da ido. Ɗan dabo zai saki katunan da sauri a gaban fuskarka, ya ce ka riƙe ɗaya daga waɗanda ka gani, alhali ya ɗan tsayar da guda ɗaya fiye da sauran na ƙiftawar ido. Olson da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan mutane fiye da 100 a Montreal, suka wallafa a 2015: kashi 98 cikin 100 sun zaɓi katin da aka tsayar, kuma kusan tara cikin goma sun ce da ra'ayin kansu suka zaɓa. Adadi na biyun ya fi na farko muhimmanci. Jin cewa “ni na zaɓa” ba ya raguwa don an zaɓar maka.

Ba kowace dasawa ce ke da wannan ƙarfi ba. Derren Brown na Ingila ya shahara da wata hanya ta sa mutum ya yi tunanin ukun daimon ta hanyar magana da zana siffofi da yatsu a iska. Alice Pailhès da Gustav Kuhn na jami'ar Goldsmiths a Landan sun gwada ta a 2020, suka sami kusan kashi 18 cikin 100. Wannan ya ninka abin da sa'a kaɗai za ta bayar sau da yawa, amma har yanzu mutum huɗu cikin biyar suna kuɓucewa. Duk wanda ke ci kullum a gaban jama'a, to da wani abu a ƙasa.

Kowace amsa da tanadinta

Wani abun kuwa shi ne hanya ta uku. Ɗan kallo wasa ɗaya yake gani, daga farko zuwa ƙarshe. Bai san ƙarshe nawa aka tanada ba. Idan ya faɗi katin da ake so, a buɗe na kan tebur. Idan ya faɗi wani, na kan tebur ba a ma ƙara waiwayarsa, sai a zaro ambulan daga aljihu kamar dama can ita ce manufa. Dokar wannan hanya ɗaya ce: kada ka faɗi abin da za ka yi kafin ka yi shi, kuma kada ka maimaita wa mutane ɗaya.

Mafi sauƙin misali shi ne wasan da Henry Hardin na Amurka ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, wanda ake kira dabon gimbiya, kuma ya mamaye intanet a ƙarshen shekarun 1990. A nuna maka katuna shida masu hoto, ka riƙe ɗaya, sai a dawo da biyar a ce an cire naka. Ka duba, lalle babu shi. Gaskiyar ita ce duk shidan an sauya su da wasu masu kama da su. Ka zuba wa naka ido, ba ka kula da sauran ba. Da mutum biyu za su riƙe katuna daban-daban su gwada tare, da asiri ya tonu nan take.

Sama da wannan akwai kwalin da Joe Berg, mai sayar da kayan dabo a Chicago, ya fitar a shekarun 1930, wanda daga baya aka san shi da sunan kartar da ba a gani. Ɗan kallo zai ambaci kowane kati cikin 52, ɗan dabo ya baza kwalin, sai a tarar shi kaɗai ne a kife. A nan zaɓin na gaske ne, babu dasawa, babu tambaya. Kwalin ne aka ƙera yadda amsa 52 duk suna zaune suna jira. Rauninsa shi ne ba a iya miƙa shi hannun ɗan kallo.

Ƙololuwar wannan fanni a wurin 'yan dabo ita ce abin da ake jingina wa David Berglas, tsohon shugaban ƙungiyar Magic Circle ta Landan, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 97. Wani ya ambaci kati, wani ya ambaci lamba daga 1 zuwa 52, wani ya ɗauki kwalin da ke ajiye ya ƙirga, katin ya fito a daidai lambar. Richard Kaufman ya rubuta babban littafi a kan hanyoyinsa a 2011, kuma abin da ya fito shi ne babu sirri ɗaya tilo. Haɗaka ce ta haddace jerin karta, da juya zance, da zaɓar mafita gwargwadon abin da ya faru. Chan Canasta, haifaffen Poland da ya yi tashe a talabijin ɗin Birtaniya a shekarun 1950 da 1960, shi kuma kasadar ya mayar jari. Yakan faɗi a gaban kyamara, faɗuwar kuma ta ƙara masa kwarjini, domin a tunanin mai kallo dabara ba ta kuskure, baiwa ce ke yi.

Tatsar bayani

Tsakanin waɗannan hanyoyi akwai wata da ke cike giɓi. Gwanaye irin su Juan Tamariz na Sifen da Simon Aronson na Amurka sun tsara jerin karta da ake haddacewa daga na 1 zuwa na 52. Idan ɗan kallo ya leƙa wani yanki na kwalin ya riƙe ɗaya, ɗan dabo ya riga ya san cewa yana cikin katuna, a ce, takwas. Saura tatsa. Zai lumshe ido ya ce, “Ba ja ba ne, ko?” Idan ka ce ja ne, ya ce, “Haka na gani.” Idan ka ce ba ja ba ne, ya ce, “Ai na faɗa.” Ta kowane gefe shi ne da nasara, kuma rabin katunan sun fita. Magana uku irin wannan sun isa su mayar da takwas ɗaya.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da gaskiyarsu, sai dai fuska tana da iyaka. Tana iya raba gardama tsakanin katuna biyu ko uku, kamar yadda Scot ya lura, amma ba ta taɓa rubuta sunan kati ɗaya cikin 52 a goshi. Haka masu riƙe wuyan hannu, irin su Washington Irving Bishop a ƙarni na 19, suna jin ɗan motsin da jiki ke yi ba da son mai shi ba idan an zo kan abin da ya ɓoye. Jiki yana iya cewa “nan ne”. Ba ya faɗin suna.

Gyaran abin da aka tuna

Duk waɗannan hanyoyi suna barin sawu, kuma share sawun shi ne rabin sana'ar. Arturo de Ascanio, malamin 'yan dabon Madrid, ya koyar da cewa a sa tazarar lokaci tsakanin aikin ɓoye da bayyanar sakamako, a cike tazarar da raha da labari, har ɗan kallo ya manta akwai alaƙa. Kafin a buɗe katin kuma sai a yi masa bitar abin da ya faru: “Ka tuna, kai ka zaɓa, ban taɓa komai ba, ban tambaye ka komai ba.” Kowace jimla tana kusa da gaskiya, amma a haɗe sun shafe minti ɗayan da aka yi aikin a cikinsa. Wannan bitar ce mutum zai kai gida.

An auna wannan tun 1887, lokacin da Richard Hodgson da S. J. Davey suka wallafa sakamakon zaman kiran ruhohi na jabu da suka shirya a Ingila. Davey ya iya rufa-ido, mahalarta kuwa an roƙe su su rubuta abin da suka gani. Rahotanninsu sun tsallake muhimman abubuwa, sun sauya jerin faruwar wasu, sun ƙara abin da bai faru ba. Ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka tuna suka rubuta. Shi ya sa dabon da ake ba ka labarinsa kullum ya fi wanda aka yi ban mamaki.

Inda layin yake

Hanyoyin nan ba na 'yan karta kaɗai ba ne. A ƙarni na 13, al-Jaubari na Dimashƙ ya rubuta al-Mukhtar fi Kashf al-Asrar, inda ya tona dabarun masu da'awar annabci, da shehunan bogi, da masu duba taurari. Bokan da ke gaya wa baƙo abin da ya kawo shi tun bai zauna ba, da irin wannan tatsar yake aiki, kuma nasa ya fi sauƙi, domin abubuwan da ke kai mutum wurin boka ba su kai 52 ba: aure, haihuwa, ciwo, kasuwa, maƙiya. A wurin Musulmi sanin abin da ke cikin zukata na Allah ne Shi kaɗai, kuma malamai irin su Fakhruddin Razi sun lissafa rufa-ido da saurin hannu cikin nau'o'in sihiri saboda yadda suke nuna wa ido abin da ba shi ne ba.

A Turai da Amurka da'awar ce ta sauya riga. Ɗan dabon zamani ba ya cewa yana da aljanu. Cewa yake yi ya ƙware a ilimin halayyar ɗan Adam, yana karanta ƙiftawar ido da rawar murya. A 2003 marubucin kimiyya Simon Singh ya soki Derren Brown a kan haka, cewa yana gabatar da dabo da sunan ilimi. Sukar tana da tushe. Wanda aka ce masa dabo ne ya san an yi masa wayo, ya yi dariya ya tafi. Wanda aka ce masa ilimi ne kuwa ya tafi da sabon imani na ƙarya game da kansa da sauran mutane, kuma imanin ya fi shiga don ya zo da kamannin kimiyya.

Saboda haka ma'aunin ɗan dabo abu biyu ne: me ya ce shi ne, kuma me ya karɓa. Wanda ya tsaya a kan kati, ya kira aikinsa wasa, ya karɓi ladan nishaɗi, ya koya wa jama'a darasi mai tsada a araha, cewa mutum yana iya ba da amsa bai sani ba, a zaɓar masa yana jin shi ya zaɓa, ya kuma ba da shaidar abin da bai faru ba da zuciya ɗaya. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai ɗaukar tambayar nan ta “ba ja ba ne, ko?” ya ɗora ta a kan auren mutum ko ciwon ɗansa, sannan ya yanka masa kuɗin turare da baƙin bunsuru.